Idan Ƙofar Admin Ta Ƙi Buɗewa: Bin Sawun Matsala a Kwamfutar da Ba Ta da Faifai

Lacca ga malaman kwamfuta da masu kula da ɗakunan na'ura na makarantun Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

 

 

Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini yau ƙarami ne a ido: mai kula da ɗakin kwamfuta ya zauna, ya rubuta sunan admin, ya rubuta kalmar sirri, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Amma duk wanda abin ya taɓa faruwa da shi ɗalibai arba'in na tsaye a bakin ƙofa, firinsifal na duban agogo, janareta na shan mai, ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu a fili yake. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ta fara nata gwajin da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana niyyar gwamnatin tarayya ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ke nan yaron Riruwai da yarinyar Kiru ba su da makawa sai sun saba da allo da kibod tun kafin ranar jarrabawa. Makarantu kuwa kuɗinsu ƙalilan ne, shi ya sa tsarin saba guda mai ɗauke da kwamfutoci masu yawa yake jan hankalin duk mai son kafa ɗakin na'ura da arha.

Sai dai kuma nisa. Idan ɗaki ya kulle a Doguwa, kuma wanda ya san gyaransa yana titin Beirut a Kano, to sai ya bi hanyar Zariya zuwa Kwanar Dangora, ya karya ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore. Kafin ya iso, darasin ranar ya tafi, wani lokaci na makon ma. Saboda haka dole wannan ilimi ya zauna a hannunku, ku da kuke kwana kusa da ɗakin.

Abin da nake so ku tafi da shi guda ne. A kwamfutar da ba ta da faifai, akwatin da ke gabanka shi ne na ƙarshe da ya kamata ka zarga. Ka bi matsalar daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kada ka taɓa abin da ba ka tabbatar shi ne mai laifi ba.

Mece ce kwamfuta marar faifai?

Kwamfutar da muka saba da ita tana da faifan ajiya a cikinta. A can Windows ko Linux ke zaune, a can sunayen masu amfani da kalmominsu na sirri suke. Marar faifai kuwa babu komai a cikinta sai furosesa da RAM da katin netwok. Duk lokacin da aka kunna ta sai ta roƙo tsarin aikinta daga saba ta cikin kebul. Da an kashe ta, duk abin da ke kanta ya goge.

Iri biyu ne. Akwai 'yar siririya, wadda aikinta kawai ta nuna hoto ta kai saƙon kibod da linzami, ainihin aikin a cikin saba ake yin sa. Akwatunan NComputing da ake maƙalawa a bayan allo daga wannan jinsi suke. Akwai kuma mai ƙarfi, wadda take ɗauko tsarin daga saba amma ta yi aikin da furosesarta. Masu shagunan wasannin kwamfuta suna yin haka da manhaja irin CCBoot.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro NFS, hanyar raba fayil ta netwok, a 1984. Intel ya fitar da fasalin PXE da aka fi amfani da shi a 1999, kuma shi ne yake sa kwamfuta ta iya tashi ta kebul. A wannan shekarar ce Jim McQuillan ya fara LTSP a Amurka, wato tsarin Linux na tayar da kwamfutoci da yawa daga saba guda. Gidauniyar Shuttleworth ta yi amfani da shi wajen kafa ɗakunan tuXlab a makarantun Afirka ta Kudu da tsofaffin kwamfutoci, makarantun ƙasar Girka da dama kuma a kansa suke. Abin da ya ja su shi ne zai ja mu: kuɗin faifai ya fita daga lissafi, manhaja sau ɗaya ake sa ta kowa ya samu, ɗalibi ya yi ɓarna a kashe a kunna komai ya dawo daidai. Farashin wannan sauƙi shi ne kowa ya rataya ga saba guda da kebul guda.

Yadda take tashi

Wanda bai san yadda abu ke tafiya da lafiyarsa ba, ba zai gane inda ya karkace ba. Matakai biyar ne.

Na ɗaya, katin netwok ya yi shela cewa yana neman adireshi, sai DHCP ya ba shi adireshin IP, ya kuma nuna masa inda zai je. Na biyu, ya ɗauko ƙaramin fayil na tashi ta hanyar TFTP. Na uku, ya haɗu da babban kwafin tsarin da ke ajiye a saba, wanda masu sana'ar ke kira imej, ta NFS ko iSCSI. Na huɗu, allon shiga ya bayyana. Na biyar, a kai sunanka da kalmarka ta sirri wurin da za a tantance su.

Mu da muke maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, mun san yadda ruwanta ke bin babbar hanya ya rarrabu zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Manomin da ruwa bai iso gonarsa ba, ba ya hau tonon gonar. Yakan leƙa ta maƙwabcinsa ya ga ko shi ma haka ne, sannan ya bi magudanar yana duba inda ta toshe ko inda aka rufe ƙofa. Haka ake bin wannan matsala.

Tambayoyi huɗu kafin ka taɓa komai

Ta farko: kwamfuta ɗaya ce ko dukansu? Tashi ka koma kujera ta biyu da ta uku ka gwada. In ɗaya ce tak, to maganar kibod ce, ko kebul, ko agogon wannan akwatin. In dukansu ne, ka nufi saba.

Ta biyu: admin kaɗai aka hana, ko har ɗalibai? In ɗalibai na shiga lafiya, netwok ƙalau yake, matsalar tana asusun admin ko inda ake ajiye kalmarsa. In kowa ya kasa, to wurin tantancewa ne ya yi shiru.

Ta uku: me aka canza tun ranar da abin ya yi aiki na ƙarshe? An ɗauke wuta saba na tsakar aiki? An sabunta manhaja? Wani ya jona sabuwar na'ura? An dawo daga dogon hutu? Amsar da za ka fara ji ita ce “ba a taɓa komai ba”. Ka yi haƙuri ka sake tambaya cikin lalama, ba da fuskar tuhuma ba, domin wanda yake tsoron faɗa ba zai gaya maka ya cire wata waya ya caja wayarsa ba.

Ta huɗu: me allon ya yi takamaimai? Ya ce kalmar ba daidai ba ce? Ya yi jim na tsawon lokaci sannan ya ce babu mai amsawa? Ko kuwa ya karɓa, allo ya yi baƙi, sai ya dawo da kai wurin shiga? Ciwo uku ne daban-daban. Na farko na kalma ne ko asusu, na biyu na hanya ne, na uku kuwa an riga an yarda da kai, wurin zama ne babu. Ɗauki hoton saƙon da wayarka kafin ya ɓace.

Kibod

A nan ake farawa domin ba ya cin ko kwabo. Kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, ba ka ganin abin da ka rubuta. To rubuta ta a gurbin suna, inda haruffa ke bayyana, bayan ka tabbata babu mai leƙenka, ka ga abin da ke fita, sannan ka goge.

Za ka sha mamaki. Kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa mana. A tsarin kibod na Amurka, in ka danna Shift da 2 alamar @ ce ke fita. A na Ingila kuwa alamar buɗe zance ce. Kibod na Faransa, irin wanda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da shi, ya musanya A da Q, ya musanya Z da W, ya kai M wani wuri, lambobin sama kuma sai da Shift suke fita. Mai kalmar sirri da ta fara da “Zamani” zai ga “Wq,qni” a allo idan tsarin da ke cikin imej na Faransa ne alhali hannunsa ya saba da na Amurka. Sau da yawa saba tana kan tsari ɗaya, imej yana kan wani, shi ya sa kalmar da ta buɗe saba ta ƙi buɗe akwatin ɗalibi. Duba Caps Lock da Num Lock. Kuma ina ba ku shawara kada ku sa ɓ, ɗ ko ƙ a kalmar admin, domin allon shiga ba lallai ya san kibod na Hausa ba.

Kulle saboda yawan gwaji

Mutum in ya rikice sai ya yi ta gwadawa. Tsarin kuwa yana ƙirgawa. Sabbin fasalin Windows 11 sun zo da ƙa'idar kulle asusu na minti 10 bayan kuskure 10, Linux ma yana da irin wannan mai gadi. Da zarar an kulle, ko ka rubuta kalmar gaskiya ba za ta shiga ba, sai ka ɗauka ita ma ba daidai ba ce, ka ƙara nisa da hanya. In ka gwada sau uku bai yi ba, ɗaga hannunka. Ka kuma tuna wataƙila wani ɗalibi mai ƙiriniya ne ya riga ka gwaje-gwajen tun da safe.

Agogo

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A kan allon uwa na kowace kwamfuta akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, da ke riƙe lokaci in babu wuta. Tsohuwar kwamfutar da ta yi hutun ƙarshen shekara a rufe, in batirin ya mutu, za ta farka tana zaton shekarun baya ake ciki. Tsarin tantancewa na Kerberos, wanda Active Directory na Windows ke amfani da shi, a ƙa'idarsa ta asali ba ya yarda bambancin agogon akwati da na saba ya wuce minti 5. An yi haka ne don kada ɓarawo ya naɗe saƙon shigarka ya sake aika shi daga baya.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Najeriya tana gaban agogon Girinwic da awa ɗaya. Idan an bar na'ura a kan yankin lokaci na wata ƙasa, sai wani ya gyara agogon da hannu ya yi daidai da na bango, ido zai ga ƙarfe tara a nan, ƙarfe tara a can, alhali a lissafin na'ura akwai tazarar awa guda ko fiye. Maganin shi ne a daidaita yankin lokaci zuwa na Legas, a sa saba ta riƙa ba kowane akwati lokaci yayin tashi, a kuma canza batiran da suka mutu.

Kalmar wa kake rubutawa?

Nan ne zuciyar laccar, ina roƙon ku ba ni hankalinku. A irin wannan ɗaki admin ba ɗaya ba ne. Akwai na saba, akwai na cikin imej da akwatuna ke tashi da shi, akwai na manhajar da ke kula da ɗakin, wani lokaci har da na BIOS. Kowanne da kalmarsa, kowanne da inda aka ajiye ta.

A Linux babban admin sunansa root. Kalmomin sirri suna cikin fayil mai suna /etc/shadow, a rikiɗe yadda ba a iya karanta su. Saba tana da nata fayil ɗin, imej yana da nasa. Don ka canza kalmar root a saba, ba ka taɓa na imej ba. Ƙari a kan haka, Ubuntu yana zuwa ne da asusun root a kulle tun daga farko. In ka buɗe fayil ɗin shadow na imej ka ga alamar motsin rai ko tauraro a gaban sunan root maimakon dogon jerin haruffa, to babu wata kalma a duniya da za ta buɗe shi, domin ba a taɓa sa masa ba. Umarnin passwd -S root zai nuna maka harafin L idan a kulle yake.

Gyaran daga saba ake yin sa. A tsohon LTSP, ana shiga babban fayil ɗin imej da umarnin chroot, a sa kalma da passwd, a fito. Sai matakin da mutane da yawa ke tsallakewa: sake gina imej da ltsp-update-image, sannan a kashe akwatuna a kunna. In ba a yi haka ba, tsohon kwafi za su ci gaba da ɗauka. A sabon LTSP da Alkis Georgopoulos ya sake rubutawa a 2019, ana sa irin wannan umarni a fayil ɗin ltsp.conf, a bi shi da ltsp initrd.

Kishiyar wannan kuskure ita ce canza kalma a kan akwatin ɗalibi. Za ta yi aiki har yamma. Gobe da safe ta ɓace, domin a RAM aka rubuta ta. A tsarin Windows marar faifai ma haka ne: sai an sa akwati ɗaya a yanayi na musamman da ke ba shi izinin rubutu a kan imej, sannan canji ke zama.

Wani lokaci kuma kalmar daidai ce, ƙofar ce ba ta root ba. Tun 2015 OpenSSH ya daina barin root ya shigo daga nesa da kalmar sirri sai an ba da izini a fili. Ka shiga da asusunka na kullum, ka ɗaga matsayi da sudo.

Lokacin da saba ta ƙi sanin root

Ga wata matsala da ba a samunta sai a marar faifai. NFS yana da wata kariya da ake kira root_squash, kuma a kunne take zuwa. Aikinta shi ne duk wanda ya zo ta netwok ya ce shi root ne, sai saba ta mayar da shi baƙo marar matsayi, mai suna nobody, mai lamba 65534 a yawancin tsare-tsare. Hikimar ita ce kada kowa ya jona laftof ɗinsa ya ce shi ne mai gida.

To ku duba abin da ke faruwa. Akwati ya tashi lafiya, domin yawancin fayilolin tsarin kowa na iya karanta su. Allon shiga ya fito. Ka rubuta root da kalmarsa ta gaskiya. Manhajar shiga ta je karanta /etc/shadow, wanda baƙo ba shi da izinin buɗewa. Saba ta hana ta. Ita kuma ba za ta ce maka an hana ta karatu ba, sai kawai ta ce shigarka ba daidai ba ce. Kai kuma ka yi ta zargin ƙwaƙwalwarka.

Duba fayil ɗin /etc/exports a saba. Layin da ke raba tsarin akwatuna yana bukatar no_root_squash, sannan a sanar da canjin da exportfs -ra. Amma a yi hattara: a kan wannan layi kaɗai, a yanayin karatu kawai, kuma ga adiresoshin ɗakin kaɗai. Wanda ya buɗe shi ga kowa ya magance ciwon kai ya sayo na zuciya.

Ɗan uwan wannan shi ne kwafin da aka yi da ganganci. In aka kwashe fayilolin tsarin zuwa sabuwar saba ta filasha mai tsarin FAT, ko da umarnin da ba ya riƙe mallaka da izini, manhajoji irin su sudo za su rasa alamar da ke ba su iko. A yi kwafi da cp -a ko rsync -a, a matsayin root.

Ya karɓa, ya dawo da kai

In allo ya yi baƙi ya komo wurin shiga, daina zargin kalmar sirri. Ko dai faifan saba ya cika, ko RAM ɗin da akwati ke rubutu a ciki ya ƙare, ko kuma babban fayil ɗin gida na mai shiga bai haɗu ba. Umarnin df -h a saba zai nuna maka nan take. In ka ga 100%, nemi abin da ya cinye wurin. Galibi finafinan da aka tara ne ko rajistar da ta kumbura.

Amanar da ta yanke a Windows

Kwamfutar da ke cikin domen na Windows ita ma tana da kalmar sirrinta tsakaninta da saba, ban da ta mutane, kuma a ƙa'ida takan sabunta ta duk kwana 30. Mai faifai za ta ajiye sabuwar. Marar faifai kuwa da an kashe ta sai ta koma tsohuwar da ke cikin imej, saba kuma tana riƙe da sabuwa. Sai saƙo ya fito cewa dangantakar amana tsakanin wannan na'ura da domen ta lalace. Alamarsa ita ce ɗaki ya yi wata guda ko biyu lafiya lau, sannan akwatuna su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ana shiga da admin na cikin gida, wato a rubuta ɗigo da karkatacciyar sanda kafin suna, a gyara alaƙar, sannan a hana wannan sabuntawa a cikin imej ko a bar manhajar ɗakin ta riƙa kula da ita.

Mai raba adireshi na biyu

Malam ya kawo rauta don a samu intanet a ofis, ya jona ta a suwic ɗin ɗaki da kyakkyawar niyya. Rautar ma tana raba adireshi. Yanzu masu amsa shela sun zama biyu, wanda ya riga shi ne ya ci. Wasu akwatuna su tashi, wasu su ƙi, wasu su tashi amma su kasa gano wurin tantancewa. Duk lokacin da ka ga matsala tana yawo, yau kujera ta biyar gobe ta sha biyu, je ka ƙirga wayoyin da ke jikin suwic. Ka kuma duba fitilunsa, ka busa ƙurar hunturu, ka duba ko ɓera ya yi aikinsa a silin.

Karanta rajista

Na'ura tana rubuta dalilin duk ƙin da ta yi. A Ubuntu da danginsa duba /var/log/auth.log ko ka yi amfani da journalctl. A Windows buɗe Event Viewer: lamba 4625 shigar da ta gaza ce, 4740 kuma asusun da aka kulle. Tunda akwati yana manta nasa in an kashe shi, a saita shi ya riƙa aika rajistarsa zuwa saba. Sa abokin aikinka ya gwada shiga kai kuma kana kallon rajista a saba. In layi ya fito, karanta dalilin. In babu abin da ya fito, saƙon bai iso ba, koma kan hanya.

Abin da nake roƙonku da babbar murya shi ne kada fomatin ya zama matakin farko. A kwamfuta guda, fomatin asarar mutum ɗaya ce. A saba kuwa asarar makaranta ce: sakamakon ɗalibai, tambayoyin gwaji, da saitin da aka sha wahala kafin ya zauna. Kafin kowane gyara ɗauki kwafin fayil ɗin da za ka taɓa, ka canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta.

Darasi daga sama

Kada ku ɗauka ƙananan ɗakuna kaɗai irin wannan ke samu. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawa. Bayanin hukumar shi ne wani gyaran manhaja ne bai hau wasu sabobi yadda ya kamata ba. Ba maganar shigar admin ba ce, amma darasin ɗaya ne da namu: inda mutane da yawa suka rataya ga saba, gyaran da ba a tabbatar ya isa ko'ina ba yana iya zama bala'i. In ka yi canji, tashi ka zagaya kujeru ka gani da idonka.

Makullin na wane ne?

Duk abin da na lissafa yana da magani a fasaha. Wanda ya fi wuyar magani na ɗabi'a ne. An kawo kaya, an yi bikin buɗewa, ɗan kwangila ya tafi da kalmar admin a kansa. Ko malamin da ya san ta an yi masa canjin wurin aiki, ko ya gama hidimar ƙasa ya koma garinsu, ko rai ya yi halinsa. Wani kuma da gangan yake riƙewa don a riƙa nemansa. Wannan ba gwaninta ba ce, cin amana ne, domin makullin na makaranta ne.

Mai haƙƙi yana da hanyoyin dawo da iko in yana tsaye gaban sabarsa, kuma wannan kansa dalili ne na sa saba a ɗaki mai kwaɗo. Amma a yi shi da izinin shugaban makaranta a rubuce, gaban shaida. Ƙannena matasa, ku sani dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Iya buɗe ƙofa ba ya ba ka izinin shiga.

Kammalawa

Ga abin da nake roƙon kowace makaranta ta yi kafin wannan zango ya ƙare. Shugabanni, kada ku sa hannu a takardar karɓar kaya sai an ba ku dukan kalmomin sirri a rubuce, malaminku ya gwada kowace ɗaya a gabanku, sannan ku canza su. A rubuta su a takarda, a rufe a ambulan, a sa a akwatin ƙarfe na ofis, a sabunta duk lokacin da aka canza. A samu admin biyu, kowa da asusunsa. A ajiye kwafin imej mai lafiya a faifan da ba ya jone da saba. A sa wa saba da suwic UPS ko inbata, ko da sauran ɗakin ba su samu ba. A ajiye littafi kusa da saba, duk wanda ya canza wani abu ya rubuta rana da abin da ya yi da sunansa. A kunna ɗakin a gwada shiga mako guda kafin a dawo hutu ko a fara jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma malaman kwamfuta na ƙananan hukumomin nan huɗu, ku san juna, ku karɓi lambobin juna yau kafin a watse. Matsalar da ta hana na Bebeji barci, wataƙila na Tudun Wada ya warware irinta bara. Kowannenku ya ɗauki ɗalibi biyu, namiji da mace, ya koya musu waɗannan matakai har su iya ko ba ya nan.

Iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, idan kun ziyarci makaranta, ban da ƙirga kwamfutoci, ku tambaya wa ke riƙe da kalmar sirri, kuma ina aka ajiye ta.